Man da Na Shafa wa Keken 'Yata

Aikina a kamfanin kwali guda ɗaya ne, shekara ashirin da uku ke nan: in zaga injuna da gwangwanin giris da butar mai, in kasa kunne. In ƙarfe ya yi kuka na san ƙishi yake ji. Tun ana ce mini Mai Giris har furfura ta fito aka koma Baba Giris. A gida ma haka nake. Babu ƙyauren da ke ƙara a gidana, babu kwaɗon da ke gardama, almakashin uwar yarana kuwa har ƙorafi take yi wai yana ɓata mata yadi.

Abu ɗaya aka hana ni taɓawa a gidan, keken 'yata.

Ita ce babba, shekararta ashirin da ɗaya, tana aiki a wani shagon buga takardu. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba, Uwata nake ce mata. Shekara biyu da suka wuce ta shiga ƙungiyar masu tseren keke. Ban so ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kwana uku ban yi mata magana ba, a rana ta huɗu ni ne na riƙe mata keken tana ɗaura hular kwano. Keken ba irin wanda na hau ina saurayi ba ne. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Tayarsa ba ta fi babban yatsana kauri ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ba madigadi, ba ƙararrawa. Takalmin hawansa kuma yana da wani ɗan ƙarfe a ƙasa da ke shiga feda ya kulle, sai an murɗa dunduniya yake saki. Ranar da na fara ganin wannan ban iya cin abinci ba.

"Baba, komai na gidan nan naka ne, har ni," ta taɓa ce mini. "Amma keken nan, ko ƙura ka gani a kansa don Allah ka bar masa abarsa."

Ranar Juma'ar da nake magana, kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke ba. Ta dawo daga atisaye bayan la'asar, a jiƙe sharkaf, da layin taɓo a bayan rigarta tun daga ƙugu har wuya. Ina zaune a baranda na jiyo ta daga bakin layi. Ta ja birki, keken ya yi wani siririn kuka da ya shige ni har haƙori. Ta wanke shi da soso, ta goge sarƙar ta ɗiga mata nata man na 'yar kwalba, ta jingine shi a lungun ƙofar falo. Daga nan suka fita ita da uwarta duba ƙanwata da ba ta da lafiya.

Washegari ne za a yi musu gwaji. Su goma sha huɗu ne, za a ɗauki huɗu su wakilci ƙungiyar a babbar gasa. Wata shida ba ta da zance sai wannan.

Na wuce keken sau uku. A na huɗu na tsuguna. A gefen kowane wili, daidai inda robar birki ke kamawa, akwai baƙin zane-zane, ƙarfen ya bushe ƙamas. Daga nan kukan ke fitowa, ban yi shakka ba. Na ce a raina yarinyar nan za ta shiga ruwa gobe da busasshen ƙarfe, gogayya ta cinye mata wili. Na ɗauko kwalbar man inji mara kauri, irin wanda muke ba ƙananan injuna, da tsumma mai tsabta. Na bi notuna, na bi wayoyin wili, sannan na bi gefen wilin gaba da na baya, dama da hagu, har suka ɗauki ido. Na juya taya na ɗan matsa birki. Ta wuce sumul, ko uffan. Na mayar da keken yadda na same shi, na wanke hannu da sabulu sau biyu. Da suka dawo ban faɗa wa kowa ba.

Da asuba na fita aiki tana barci. Na san tsarin ranar: kocinsu zai zo da a-kori-kura ƙarfe takwas, a loda kekuna a baya, a kai su can kan tudu wajen tankin ruwa. Ƙarfe goma za su tashi. Kilomita ɗaya a miƙe, daga nan sai gangaren ma'aikatar fasa dutse, wanda ke ƙarewa da kwana da gada.

Takwas da rabi aka busa jiniyar hutu. Muka zauna ni da abokin aikina Mai Walda a rumfar ajiye kekuna, ruwa na dukan kwano. Shi kullum a keke yake zuwa, wani tsohon baƙi, da leda a ɗaure a kansa in ana ruwa.

"Murmushin me kake yi kai kaɗai, tsoho?" ya ce yana tsiyaya shayi. "An naɗa ka shugaban gwangwanaye ne?"

"Na yi wa keken Uwata aiki jiya. Ba ta ma sani ba."

"Keken da ko kallonsa za ka yi sai ka cika fom?"

"Kuka yake yi. Yarinya ce, sarƙa kawai ta sani. Ni kuwa na bi shi kaf, har gefen wili. In ka ji shi yanzu, kamar kyanwa a kan katifa."

Ya ajiye kofin. "Wane gefen wili?"

"Inda birki ke gogawa mana."

"Da me?"

"Da mai. Da me kake so, da miyau?"

Bai yi dariya ba, shi da ko gaisuwar mutuwa sai ya nemi abin dariya. Ya tashi ya jawo kekensa, ya karɓi butar man daga hannuna, ya ɗiga a yatsa ya shafa a gefen wilin gaba. Ya ɗaga kan keken ya wulwula tayar, ya ce, "Matsa." Na matsa birkin iya ƙarfina. Tayar ta ci gaba da juyawa tana wucewa ta tsakanin robobin kamar ba a yi mata magana ba.

"Injinka ana ba shi mai don ya zame," ya ce a hankali. "Birki kuwa aikinsa kada ya zame. Wannan a bushe ke nan, ɗigo ɗaya. Ƙara ruwan sama a kai. Yau take hawa?"

"Ƙarfe goma. Gangaren dutse."

Ya dubi agogonsa, ni ma na dubi nawa.

A kamfaninmu ba a shiga da waya. Kowa na barin tasa a akwatin ƙarfe a ɗakin maigadi har a tashi ƙarfe biyu. Oga kaɗai ke da waya a ciki, a ɗan ofishinsa na gilashi da ke kallon injuna. Na shiga ba sallama. Ya miƙo mini wayar ba tare da tambaya ba, ina jin fuskata ce ta yi bayani. Sai na tsaya da ita a hannu. Ban haddace lambar 'yata ba. Lamba ɗaya ce a kaina, ta uwarta. Na kira, ta gane muryata.

"Malam, lafiya? Lambar wa ce wannan?"

"Sun tafi?"

"Tun takwas saura. Kocin ya yi sammako."

"Kira ta yanzu, ki ce kada ta hau keken nan."

"Ga wayarta nan a kan tebur tana caji. Ba ta fita da ita in ana ruwa, kai ma ka sani."

"Lambar kocin fa?"

"Tana cikin wayar, wayar kuma da yatsanta take buɗewa. Ba kai ya ba ka lambarsa ba bara?"

Ya ba ni. A gaban 'yata na ce masa ba na buƙata.

Ina jin famfo na zuba a bayanta. Sannan ta ce, "Malam, me ka taɓa?"

Na faɗa mata a taƙaice. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce za ta fita ta nemi gidan wata ƙawar yarinyar, ko da wani a can yana da lambar, amma ba ta tabbatar da layin ba. Na ji ta tana neman takalmi kafin ta kashe.

Oga ya rubuta mini takardar fita nan take, ya sa hannu. Na ruga bakin get. Maigadi ya juya takardar gaba da baya.

"Babu hatimin ofishin ma'aikata."

"Ofishin a rufe yake, yau Asabar."

"Na sani, Baba Giris."

"'Yata ce. Birkinta ba ya ci."

"Allah ya tsare ta." Ya nuna kyamarar da ke saman get da haɓa. "Ka san abin da ya sami wanda na gada. Ko mahaifina ne ya zo ba hatimi, sai dai mu zauna mu yi hira."

Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa da mutumin nan. Na tsaya cikin ruwa ina kallon get ɗin, baƙin ƙarfe mai tafiya a kan layi, wanda ni da hannuna nake sa wa ƙafafunsa giris duk ranar Litinin. Na dubi katanga, da wayar reza a kanta. Da ina ɗan talatin da na gwada. Tara saura minti biyar.

Mai Walda ne ya zo ya ja ni ta hannun riga zuwa wajen lodi. Oga na tsaye da takardar kaya a jikin wata babbar mota da aka gama cika wa kwalaye.

"Kaya ba sa buƙatar hatimin ofishin ma'aikata," in ji Oga, yana rubutu. "Na sa ka ɗan rakiyar kaya. Hanyarsu ta gadar dutse ce. Gaba a cike yake, akwai mai kula da sito da makanike, sai dai baya."

"Inji na uku fa? Duk minti arba'in yake son giris."

"Ni zan ba shi," in ji Mai Walda. "In ya ƙi ci in yi masa walda a baki. Hau, tsoho."

Na hau na matse tsakanin ɗaurin kwalaye da ƙofa. Direba ya turo ƙyauren biyu, na ji ya saukar da sakata daga waje. Duhu ya rufe, sai wani siririn haske a tsakanin ƙyauren. Wurin na warin gam da ɗanyen kwali. Na ji mun tsaya a get, na ji muryar maigadi, na ji get ɗin ya tafi a kan layinsa lafiya lau. Muka fita.

Daga kamfani zuwa gadar dutse minti ashirin da biyar ne in hanya ta yi kyau. Na yi lissafi: tara da rabi ina gada, kilomita uku zuwa sama, ko da rarrafe na isa kafin goma. Na kara agogo a jikin hasken nan ina bin tafiyar allura. Tara da kwata motar ta rage gudu. Ta matsa kaɗan, ta tsaya. Ta ƙara matsawa, ta tsaya. Sai direban ya kashe inji.

Na manna ido a tsagar ƙofa. Abin da nake iya gani bai fi faɗin yatsa ba: gilashin wata mota a bayanmu, wani mutum a ciki ya jingina kai da sitiyari, ruwa na gudu a kan kwalta har rabin taya. Na san wurin. Ƙarƙashin gadar jirgi ne, inda ruwa ke taruwa. Na buga ƙofar da tafin hannu. Na ciro sifana daga aljihu na buga bangon da ke wajen direba, amma tsakanina da shi akwai kwalaye tsawon ɗaki biyu, ruwan kuma na dukan rufin kamar ana zuba tsakuwa. Na yi kira har muryata ta dushe. Na sa kafaɗa na tura ƙyauren. Sakatar mai kyau ce.

Tara da rabi. Na zame na zauna.

Wata rana muna cin abinci 'yata ta taɓa yi wa uwarta bayanin hawa cikin ruwa. Ta ce in wili ya jiƙe, birki ba ya kamawa nan da nan, sai robar ta share ruwan tukuna, taya ta juya sau ɗaya ko biyu, shi ya sa ake fara ja tun da nisa, kaɗan-kaɗan. Ta ce a gangaren dutse gudunsu na kai kilomita saba'in a awa. Ina wurin, ina jin ta, amma na mayar da hankali kan kwanona don kada a ga kamar na yarda da abin. Yanzu a cikin duhun nan maganar ta dawo mini kalma-kalma. Na gan ta ta kwanta a kan keken, ta ja birki tun da nisa yadda ta saba, tana jiran robar ta share ruwa. Ta juya sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Ƙafafunta a kulle a feda.

Goma saura kwata. Na yi duk addu'ar da na sani, na koma farko. Na yi alkawura da yawa waɗanda ba sai na faɗe su ba. Goma saura biyar injin ya tashi. Muka shiga ruwan a hankali, ina jin sa yana bugun ƙasan motar.

Goma da minti goma direban ya ɗaga sakata. Haske ya kashe mini ido.

"Ga gadarka, Baba. Ka yi haƙuri, wata ƙaramar mota ce ta mutu a tsakiyar ruwan. Kai ne kake ta bugu? Na zaci kaya ne suka kwance."

Ban tsaya amsa ba. Kwanar tana nan yadda na san ta, sai dai ruwa ya wanko yashi daga tudu ya shimfiɗa shi a kan kwalta. Ƙarfen gefen gada a lanƙwashe yake tun wani tsohon haɗari. A ƙasa rafin ya cika, ja wur, yana tafiya da rassa. Na leƙa. Ban ga komai ba, na ƙara leƙawa. Sannan na kama hawa.

Da farko niyyata in tsaya a tsakiyar hanya in ɗaga hannu. Ina cikin tafiya na gane wautar hakan. Da me za ta tsaya? Sai dai in isa sama, ko ba komai. Takalman aikina masu ƙarfe a baki sun sha ruwa, kowace ƙafa kamar bulo. Na yi gudu, na yi tafiya, na riƙe gwiwa na yi numfashi, na sake gudu.

Ban kai rabi ba na ji su. Ba ƙarar inji ba ce, wani shuu ne kamar ana yaga yadi mai tsawo. Suka ɓullo daga sama a jere, a kwance kan kekunan, ruwa na tashi daga tayoyinsu. Hular kwano, tabarau, hular kwano, tabarau. Na yi ihu, "Uwata," amma kafin bakina ya rufe sun wuce, da wani babur a bayansu. Na ƙirga goma sha biyu, ko sha uku. Rigar ruwanta rawaya ce, ni na matsa sai ta sa mai haske. Ban ga rawaya ba. Amma me na gani ma?

Na tsaya ina sauraron ƙasa. Daga nan ba a ganin kwanar. Ba ƙara, ba ihu, ruwa kawai. In na koma ƙasa tana sama, na yi asarar lokaci. In na hau tana ƙasa, to. Na juya sau biyu a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure. Sai na ci gaba da hawa.

A-kori-kurar na fara gani, a gindin tankin ruwa. Kusa da ita rumfar wani mai shayi, a ƙarƙashin rumfar keke a kife, tayoyi sama. Rigar rawaya na tsugune a gabansa. Na ƙarasa wurinta.

Ta ɗago ta gan ni. Wandonta ya yage a gwiwa, jini ya haɗu da ruwa yana gangarawa har safa. Kocin, wani siririn mutum mai furfura a gemu, yana dirzar wilin baya da wani baƙin tsumma.

"A'a, Baba, kai ne cikin ruwan nan? Sannu. Allah ne ya rufa asiri. Muna sauke kekuna ta hau ta ɗan zaga, ta ja birki, sai ga ta a jikin motata. Da a gangare ne da yanzu wata maganar ake yi." Ya nuna mini tsumman. "Mai ne aka shafa mata, gaba da baya. Wani ɗan baƙin ciki ne cikin yaran nan, na rantse. In na gano shi, shi da keke sai a hoto."

"Ni ne," na ce.

Ya dube ni, ya dubi rigar aikina, ya dubi yarinyar.

"Kuka yake yi," na ce.

"Na sani, Baba," in ji ta, idonta a kan wilin. "Tun da na shinshina yatsana na sani. Duk ƙofofin gidanmu warinsa suke yi."

Mai shayin ya sami abin yi da murfin tukunyarsa. Kocin ya yi gyaran murya. Ya ce ya yi mata alkawari in birkin ya gyaru zai ɗauki lokacinta ita kaɗai, ya gwada da na sauran. Amma masu tifa na ma'aikatar dutse sun yarda su dakata ne zuwa ƙarfe sha ɗaya kawai, bayan nan ba zai saki kowa a gangaren ba. Minti arba'in suna gogewa da ruwan gora, har tashin sauran ya makara da kwata, amma man sai ƙara yaɗuwa yake.

Goma da minti talatin da biyar. Na karɓi tsumman daga hannunsa na jefar.

"Wannan raba man yake yi, ba cire shi ba. Mai shayi, ruwan zafi nake so, mai tafasa, da garin sabulun da kake wanke kofuna."

Na tuɓe rigar aiki, na cire singiletina na yayyaga ta gida shida. Sa mai na sani, cire shi ma na sani, don kafin a yi wa inji fenti ni ake kira. Na wanke gefen wilin gaba da kumfa mai zafi, na ɗauraye, na jefar da ƙyallen, na ɗauki sabo. Sau uku kowane wili, har gefen tayar. Hannuna ya yi ja. Kocin na da sabbin robobin birki guda biyu kacal a akwatinsa, ya ɗaura su a gaba. Na baya na ciro su, na shimfiɗa samfefar da ba ta barin aljihuna a kan bencin mai shayi, na goga su har ƙyallin ya tafi, baƙin gari ya zuba, na wanke su su ma. Ita tana riƙe da keken. Sau ɗaya na kai hannu wajen gwiwarta, ta ce, "Bar shi, Baba."

Na ɗebi ruwa mai tsabta a kofi na zuba a hankali a gefen wilin. In da sauran mai, ruwan zai dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya. Na zuba a gaba, na zuba a baya, na juya na zuba a ɗaya gefen. Ya kwanta shimfiɗe ko'ina.

Sha ɗaya saura minti takwas. Ruwan sama bai rage ba.

"Uwata," na ce, "ki bar shi yau. Na ga kwanar da idona, yashi ne a kwance. Ga ƙafarki. Akwai wata shekarar."

"Ba wannan na tambaye ka ba, Baba." Yanzu ta dube ni sosai. "Man ya fita ko bai fita ba? Kai ka san mai, mu ba mu sani ba. In ka ce bai fita ba, zan ɗora shi a mota mu tafi gida, kuma ba za ka ƙara jin maganar a bakina ba."

Kocin bai san abin da ruwan kofin ya nuna ba, ita ma haka. Kalma uku ce kawai, mu koma gida tare a mota ɗaya, uwarta ta dafa ruwa ta gasa mata gwiwa. Na sake cika kofin na zuba, ko zan ga ƙwaya ɗaya da zan fake da ita. Ruwan ya bi ƙarfen ya sauka.

"Ya fita," na ce.

Ta juyar da keken, ta gyara hula, ta hau. Ta tafi kamar taku ashirin ta ja birki, keken ya tsaya har bayansa ya ɗan ɗaga. Ta dawo ta sake, sau biyu. Sannan na ji takalman sun shiga feda, ɗaya bayan ɗaya.

"Yashin yana ɓangaren hagu ne ko dama?" ta tambaye ni.

"Hagu ya fi yawa. Daga tsakiya zuwa hagu."

Ta gyaɗa kai. Kocin ya danna agogonsa ya ce, "Tafi." Ni kuma ya buɗe mini ƙofar motar. "Shiga, Baba. Hannun ciki ya karye, in za ka fita sai na zagayo."

Muka bi bayanta. Abin share gilashin ɗaya ne ke aiki, na wajen direba, don haka ta cikin ruwa nake ganinta, wani rawayan abu da ke narkewa yana haɗuwa. Na sauke gilashin gefe na fitar da kai. Hanya ta fara sunkuyawa. Ta kwanta a kan keken, tazarar da ke tsakaninmu ta buɗe. Na saci kallon allurar motar, na daina. Muka wuce inda na tsaya ɗazu ina juyi. Ga allon gargaɗi, ga farkon kwanar can ƙasa, ita kuwa ba ta ɗago ba. Na ji ƙafata ta dama tana danna ƙasan motar.

Sai ta ja jikinta baya a kan sirdi. Daƙiƙa ɗaya ba abin da ya canza. Sannan tazarar ta fara rufewa, muna kamo ta, har kocin ma ya taka nasa birkin. Ta bi ta dama, ta kwantar da keken kaɗan, gwiwar mai jini a waje, ta shige kwanar. Da muka zagayo tana tsakiyar gada, ta miƙe tsaye a kan feda.

"Ta ja da wuri," in ji kocin yana duba agogo. "Ta zubar da daƙiƙa huɗu ko biyar a nan."

"Ƙyale ta."

Na shigo da kaina, ruwa na zuba daga gemuna a kan kujerarsa. Sai lokacin na lura ba riga a jikina, na baro ta a kan bencin mai shayi.

"Saura kilomita nawa?" na ce.

"Hamsin da shida."

"Akwai wani gangaren?"

"Biyu. Na ƙarshen ya fi wannan." Ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba. "Kira gida, Baba. Wata lamba ta kira ni sau tara, ina jin mahaifiyarta ce."